Ina neman sautin buluz mai kauri, amma kuɗina kaɗan ne

Malam, barka da aiki. Shekarata uku ina koyon jita mai lantarki, kuma kiɗan buluz ne ya ja ni gare ta. Amfilifayar da nake da ita, wato akwatin da ke ƙara sautin jitar, 'yar ƙarama ce, wadda aka haɗo min da jitar ranar da na saya. In na kaɗa, sautin siriri ne kamar kukan sauro, in na ƙara masa wuta kuma sai ya koma kamar ƙudan zuma a gwangwani. Wata bakwai ina tara kuɗi don in sauya ta, kuma abin da na tara bai taka kara ya karya ba. A ɗaki nake atisaye, ga maƙwabta a jikin bango, sannan sau ɗaya a mako mukan haɗu da abokai, akwai mai ganga da mai jitar bes. Ba ni da mota, a hannu zan riƙa ɗaukar ta. Abokina ya ce in ba mai bawul ba ce, wato mai kwalaben gilashin nan a ciki, asarar kuɗi zan yi. Mai sayarwa kuma ya nuna min wata mai wat 100, ya ce ita ce maganin matsalata. Har na fara tunanin ko hannuna ne bai iya ba, gara in haƙura da jitar. Me ka gani?

Ƙanena, kada ka ajiye jitar nan. Mutumin da ya fara jin cewa sautinsa siriri ne, kunnensa ya buɗe ke nan, kuma wannan shi ne abin da ya fi wuyar samu. Da yawa sukan shekara goma suna kaɗawa ba su taɓa jin abin da ka ji ba. Kunnenka ya girme wa akwatin da ke gabanka, shi ya sa kake jin ƙunci.

Bari mu fara da sanin abin da kake nema, don mai sayarwa ya daina juya ka. Kunnen mutum yana raba sauti gida uku. Akwai na ƙasa mai dukan ƙirji, akwai na sama mai kaifi, akwai kuma na tsakiya, inda muryar ɗan Adam take zaune. Abin da masu buluz ke kira kauri, yawancinsa a tsakiyar nan yake. Shi ya sa idan gwani ya ja tsirkiya guda ya riƙe ta, sai ka ji kamar mutum ne ke kuka ko ke rarrashi. Sai abu na biyu: amfilifayar da aka tura ta har ta kusa iyakar ƙarfinta takan fara dusashewa kaɗan, kamar muryar mawaƙin da ya daɗe yana rera waƙa. A wannan gaɓar ƙaramin bugu da babban bugu sukan matso kusa da juna, sautin ya daɗe bai mutu ba, ya yi jiki. In ka taɓa a hankali ya fito tas, in ka danna ya yi gurnani. Wannan iyakar tsakanin tas da gurnani ita ce gidan buluz.

To me ya sa taka ba ta kai ka can? Ina kyautata zaton sifikar da ke cikinta ba ta wuce inci 4 zuwa 6 ba, don haka ake haɗo irin waɗannan da jitar 'yan koyo. Tsirkiya mafi kauri a jitarka tana girgiza sau 82 a daƙiƙa guda. Ƙaramar sifika a ƙaramin akwati ba ta iya tura iskar da wannan girgizar ke buƙata, sai ta zubar da ƙasan sautin ta bar maka samansa, wato kukan sauron da ka ambata. Duk maɓallin da ka murɗa ba zai ƙara mata faɗi ba. Saboda haka tambayarka ta farko a gaban kowace amfilifaya ita ce: inci nawa ce sifikar? Inci 8 ita ce mafi ƙanƙantar da zan yarda ka duba, kuma ita ma don ɗaki kaɗai. Inci 10 ta fara yin jiki. Inci 12 ita ce wadda aka ɗauki yawancin kiɗan da kake sauraro da ita, ita da jerin masu inci 10 irin na Fender Bassman ta 1959 mai sifika huɗu. Tunda kana da mai ganga a mako-mako, ka sa ranka a kan 12, in ta gagara ka sauko 10.

Maganar wat 100 kuwa, ka bar ta inda ka ji ta. Lissafin sauti ba ya tafiya yadda ido ke gani a jikin kwali. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, ɗan ƙarin da kunne zai lura da shi amma ba zai razana ba. Kafin kunne ya ce ƙarar ta ninka, sai ka ninka wat kusan sau goma. Ma'ana mai wat 100 ba ta fi mai wat 10 ƙara sau goma ba, kimanin ninki biyu ne. Abin da yawan wat ke ba ka shi ne sauti ya zauna tas ko da an ƙure ƙara, kai kuma ba shi kake nema ba. Kai so kake ta fara dusashewa tun ƙarar ba ta kori mutane daga ɗaki ba.

Tarihin kiɗan kansa ya nuna haka. Lokacin da mawaƙin buluz Muddy Waters ya bar Misisifi ya koma Shikago a 1943, jitar da ba lantarki ba ta jiyuwa a cikin hayaniyar gidajen rawa, sai ya koma mai lantarki. Amfilifayoyin zamanin ƙanana ne, dole a murɗe su har ƙarshe kafin a ji su, kuma wannan takurar ce ta haifi sautin da muke bi har yau. Fender Champ ta ƙarshen shekarun 1950 wat 5 ce, sifika inci 8, maɓallin murɗawa guda ɗaya tak, amma ta shiga ɗakunan ɗaukar sauti ba adadi. A Ingila ma, a 1966, Eric Clapton ya haɗa jitar Les Paul da wata Marshall mai wat talatin da 'yan kai a faifan Blues Breakers da ya yi da John Mayall, ya buɗe ta sosai, har aka koma kiran wannan samfurin da sunan Bluesbreaker. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na taɓa zama kusa da wani dattijo mai kaɗa jita a wani ƙaramin zaure. Akwatinsa bai kai tsayin gwiwata ba, ya ɗora shi a kan kujera, fatar jikinsa duk ta ɗaɗɗaye. Ya murɗa ƙarar amfilifayar ya wuce rabi, daga nan bai sake taɓa ta ba har aka tashi. Komai da ɗan yatsansa ƙarami yake yi a kan maɓallin ƙarar da ke jikin jitar. In mawaƙi na waƙa sai ya ja shi baya, sautin ya yi laushi ya koma bayan murya. Da an ba shi fili sai ya tura shi gaba, akwatin ya buɗe baki. A daren na gane cewa rabin abin da nake zato na inji ne, a hannu yake.

Yanzu ga abokinka. Yana da gaskiya ta wani ɓangare. Bawul, wato ƙananan kwalaben gilashin nan masu kama da ƙwan fitila da ke yin ja in sun yi zafi, suna dusashewa a hankali, da laushi, kuma suna amsa hannun mai kaɗawa ta yadda ke sa mutum ya kasa ajiye jita. Ni ma ina son su. Amma cewa in babu su asara ce, wannan ya wuce gona da iri. Gwanin buluz B.B. King ya shafe shekaru masu yawa yana hawa dandamali da Lab Series L5, wadda babu bawul ko ɗaya a cikinta, taransista ce zalla, kuma ban taɓa jin wanda ya ce sautinsa siriri ne ba. Masu dijital na yanzu kuma, waɗanda ke kwaikwayon halin bawul ta lissafi, sun yi nisan da a cikin kiɗan taro da ganga da bes kaɗan ne za su rarrabe.

Sannan bawul na da nasa haraji. Taransifomomin da ke ciki suna da nauyi. Bawul ɗin kansa gilashi ne, ba ya son jijjiga, musamman da zafinsa, kai kuma kullum a hanya za ka kasance da ita. Bawul kan tsufa, sai an sauya, kuma sai kana da mai gyaran da ya san aikin. Ga kuma matsalar ɗakinka: mai bawul ta wat 15, kafin ta kai wurin da take yin daɗin nan, ƙararta ta isa ta tada duk gidan. Ta wat 5 ma, in ka ƙure ta, ta fi ƙarfin ɗakin haya, amma in mai gangarku mai hannu ne sai ta nutse a ranar haɗuwa. Kana tsakanin buƙatu biyu masu jan juna, kuɗin kuma na akwati ɗaya ne.

Da ni ne kai, da wannan aljihu da wannan ɗaki da wannan ƙafa, Boss Katana-50 zan fara nema. Sifikarta inci 12 ce, nauyinta bai kai kilo 12 ba, kuma tana da maɓallin rage ƙarfi zuwa rabin wat, ko 25, ko 50. Da dare ka sa ta a rabin wat ka yi atisaye ba wanda ya buga maka bango, ranar haɗuwa ka mayar 25 ko 50 ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da mai ganga. Kar ka damu da lambar 50 ɗin bayan abin da na faɗa a sama, don a irin wannan inji marar bawul dusashewar ba ta jira sai an ƙure ƙara. Ka zaɓi tashar da aka rubuta Crunch, ka bar sauran tarkacen sautin a kashe. Fender Champion 40 ma inci 12 ce, kuma ta fi sauƙin sarrafawa ga wanda ba ya son yawan maɓallai. Tsohuwar Peavey Bandit 112 ta hannu ma tana da jiki da juriya, sai dai ta fi waɗannan nauyi.

In kuma zuciyarka ta kafe a kan bawul, ba zan hana ka ba, amma ka nemi ta hannu. Fender Blues Junior, wadda aka fara fitarwa a 1995, wat 15 ce da sifika inci 12 da bawul samfurin EL84 guda biyu, tana da maɓallin ƙara guda biyu ta yadda za ka iya samun dusashewa ba tare da ƙure ƙara ba, da wani ɗan makunni da aka rubuta Fat wanda ke ƙara mata jiki. Nauyinta kusan kilo 14, ka riƙe wannan a ranka. Ƙanwarta Pro Junior ta fi sauƙin ɗauka, inci 10, maɓallai biyu kacal, amma ba ta da maɓallin ƙara na biyu, don haka daɗinta sai da ƙara, ba ta dace da ɗakinka ba. Bugera V5 kuwa, mai wat 5 da inci 8, ana iya sauke ta zuwa wat 1 ko ƙasa da haka, ta ɗaki ce ta gaske, sai dai a ranar haɗuwa za ta buƙaci a kafa mata makirufo.

Ba ka ambaci batir ba, amma da yawa in sun ce mai sauƙin ɗauka shi suke nufi. Roland Micro Cube, da Boss Katana Mini, da Pignose ɗin nan da ake yi tun farkon shekarun 1970, duk suna aiki da batir shida kuma suna da amfani ga mai kiɗa a waje inda ba wuta. Sifikunsu inci 4 zuwa 5 ne. In ka sayi ɗaya daga ciki da kuɗin wata bakwai, za ka dawo gida da ƙanwar matsalar da ka fita da ita.

Kafin ka kashe ko sisi, ka yi min wani gwaji yau da dare da akwatin da kake da shi. Ka mayar da makunnin jitarka zuwa fikof ɗin da ke kusa da wuya, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya ta wajen sama, don shi ne mai taushi da cika. Na kusa da gindi kaifi gare shi. Ka rage maɓallin Tone na jitar zuwa 6 ko 7. A jikin amfilifaya, ka sauke Gain, wato maɓallin da ke ƙara dusashewa, ƙasa da rabi, domin ƙudan zuman da ka ce kana ji daga nan yake fitowa: 'yan koyo kan zaci ƙarin Gain ƙarin kauri ne, alhali in ya yi yawa niƙe sautin yake yi ya zama gari. Ka ɗaga Middle na tsakiyar sauti zuwa 7, ka rage Treble na samansa zuwa 4, ka bar Bass na ƙasansa a rabi, don in ka cika wa ƙaramar sifika Bass sai ta riƙa kakari. Sannan ka ajiye akwatin a ƙasa kusa da bango ko a kusurwar ɗaki, bangon zai taimaka masa da ƙasan sauti. Ba zai zama sabo ba, amma za ka ji bambanci, kuma za ka shiga wurin saye da sanin abin da kowane maɓalli ke yi. In tsirkiyoyinka sun yi watanni a jiki har sun yi duhu, ka sauya su tukuna. Mutane kan ɗora wa amfilifaya laifin matacciyar tsirkiya.

Za ka ji ana cewa sai tsirkiya mai kauri, don gwanin jitar buluz Stevie Ray Vaughan da masu kauri sosai ya riƙa kaɗawa. Gaskiya ne haka ya yi, amma yatsunsa sun sha wuya a kai, kuma gwanaye da dama sun yi sauti mai jiki da sirara. Ka tsaya a kan wadda kake iya turawa sama har ta kai muryar da kake so ba tare da hannunka ya yi rawa ba. Turin da bai kai ba ya fi komai sirantar da kiɗan buluz.

Ranar saye, ka tafi da jitarka da wayar da kake haɗa ta da amfilifaya, kada ka yarda a gwada maka da jitar da ta fi taka tsada. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka sa a kashe duk wani amo da ƙawar da ke ciki, don da su ake rufe muni. Kada ka tsuguna ka kafa kunne a bakin sifika, ka ja baya taku uku ko huɗu, don daga nan masu sauraro za su ji ka. Ka danna tsirkiya ta uku a gaɓa ta bakwai, ka tura ta sama, ka riƙe, ka saurari yadda sautin ke mutuwa. Mai kyau yakan dushe a hankali kamar fitilar da manta ke ƙarewa, marar kyau yakan yanke ko ya ƙare da tsatsa-tsatsa. Daga nan ka yi abin dattijon nan: ka ja ƙarar jitarka daga 10 zuwa 6 ka ji ko sautin ya wanke ya koma tas. In ya wanke, akwatin yana jin hannu. In ƙara kawai ta ragu amma gurnanin na nan yadda yake, ka duba wata. Ka gwada ta a ƙarar ɗakinka, ka kuma roƙi a bar ka ka ɗaga ta na minti ɗaya zuwa ƙarar ranar haɗuwa, don wasu sukan yi daɗi a ƙasa su watse a sama.

In ta hannu ce, ka ƙara haƙuri. Ka bar ta a kunne kamar minti 20, don wasu cututtukan sai da zafi suke fitowa. Ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarƙara, ka girgiza waya a bakin ramin da take shiga, ka leƙa takardar sifika ko ta yage, ka shinshina bayanta ko akwai ƙaurin ƙuna. Ɗan guna-guni a mai bawul ba komai ba ne, amma wanda ke ƙaruwa ko ke zuwa da tartsatsi alamar aiki ce a gaba, sai ka rage farashi ko ka haƙura. Ka karanta farantin da ke baya: wadda aka ƙera don wutar Amurka mai ƙarfin volt 120, in aka soka ta a wuta mai 230 ba taransifoma a tsakani, ta ƙone nan take. Abu biyu kuma nake roƙon ka da su in ka ɗauki mai bawul. Kada ka taɓa kunna ta sifika a cire, don hakan na iya kashe taransifomar da ke fitar da sauti, wadda gyaranta ke da tsada. Kuma kada ka buɗe cikinta ka sa hannu, ko da ka zare ta daga bango, domin akwai sassan da ke riƙe wutar da ta fi ta bango ƙarfi, tana iya kisa. Wannan aikin mai gyara ne.

In wani abu ya rage a aljihunka, kada ka yi gaggawar sayen feda, wato ɗan injin da ake takawa da ƙafa don sauya sautin jita. Ka yi wata biyu da akwatin shi kaɗai har ka san halinsa. Bayan nan in ka ga kana son ƙarin turi lokacin da aka ba ka fili, fedar Ibanez Tube Screamer tana rage ƙasan sauti ta ɗaga tsakiyarsa, shi ya sa take fito da jita daga cikin ganga da bes, Boss BD-2 kuma ta fi barin sautin jitar yadda yake. Akwai kamfanoni da yawa da ke yin makamantansu da araha kuma suna aiki. Yadda ake amfani da su a buluz shi ne a sauke dusashewar fedar ƙasa a ɗaga ƙararta, ta tura amfilifayar maimakon ta rufe ta. In Katana ka saya ma, akwai irin wannan a cikinta.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda kowa ke mantawa. Ka rataya jitarka a baya kamar yadda za ka yi ranar haɗuwa, ka ɗaga amfilifayar da hannu ɗaya, ka roƙi mai ita ya bar ka ka yi tafiya da ita zuwa bakin ƙofa ka dawo, sau biyu ko uku. Ka duba mariƙin ko yana cin tafin hannu, ko kusoshinsa sun saki. Kilo 14 a taku goma wasa ne, amma ka ƙiyasta nisan da ke tsakanin ɗakinka da inda kuke haɗuwa, da matakalar da za ka hau, da cewa da wannan hannun za ka danna tsirkiya in ka isa. In ka ji tun a taku ashirin kana neman sauya hannu, ka ajiye ta ka ɗauki wadda ta fi ta sauƙi, ko da sifikar za ta sauko zuwa inci 10.